Ayashe: sunan da ya yi kama da A'isha, amma ba ita ba ce

Wani matashi haifaffen Makka, mazaunin Shari' Mansur, ya aiko mini da wannan tambaya: "Baba Malam, Allah ya azurta ni da 'ya mace, ina so in yi wa kakata takwara. Ayashe ake kiranta har ta koma ga Allah, amma a takardunta A'isha aka rubuta. Kawuna ya ce duk ɗaya ne, bakin mutanen da ne ya lanƙwasa sunan. Na duba unguwarmu kaf ban sami wata mai shi ba. Ina asalinsa, me yake nufi, kuma ya dace in sa wa 'yata?"

Ɗana, barka da arziki. Allah ya raya ta bisa sunna, ya ba mai jego lafiya, ya jiƙan kakarka.

Kawunka ba shi kaɗai yake wannan zato ba, na sha jin sa a nan Makka, na kuma ji shi a Sudan inda na tashi. Sai dai da girmansa da komai, maganar ba haka take ba. Ayashe Hausa ce tsantsa, babu ɗigon Larabci a cikinta. Idan Bahaushe zai gutsure A'isha, ya san inda yake gutsurawa: A'i, Shatu, A'ishatu, ko ya sakaya ya ce Indo. Mutanen Sudan su ce Asha. Duk cikin waɗannan babu wanda ya bi ta hanyar da za ta fitar da Ayashe.

Raba sunan biyu ka gani: a, yashe. Wannan "a" ita ce wadda muke cewa a zo, a tafi, a yi haƙuri, wato umarni ba tare da an ambaci wanda zai aikata ba. "Yashe" kuwa daga "yar da" ko "yasar da" ta fito. Hausa tana da wannan ɗabi'a a wasu aikatau: gayar da ta koma gaishe shi, fitar da ta koma fisshe shi, bayar da ta koma bashe shi, tsayar da ta koma tsaishe shi. To haka yar da take komawa yashe ta. Daga nan muka sami yasasshen gida, wanda masu shi suka watse suka bari. Saboda haka cikakkiyar maganar ita ce "a yashe ta", a jefar da ita, ba a so. In kana son ka ji irin wannan gini a abin da ka saba da shi, tuna agashe, naman da Hausawa suka koya wa Sudan har ya zama nasu. Shi ma "a" ce da aikatau suka manne suka zama suna.

Akwai wata yashe ta yashe rijiya, da ta yashe baki. Na taɓa jin wani yana so ya daɗaɗa wa mai sunan rai, ya ce ai ma'anarsa mai fara'a. Niyyarsa mai kyau ce, amma 'yan'uwan sunan sun tona asirin: Ajefas, wato a jefas, irin bakin Sakkwato da Katsina, da Ajuji, wato a kan juji inda ake zubar da shara. Gida ɗaya suka fito su ukun.

Na san abin da ya zo maka a rai yanzu. Wace uwa ce za ta sha wahalar ciki wata tara, ta sha naƙuda, sannan ta bari a kira 'yarta a jefar?

Uwar da ta gaji da binne 'ya'ya ce. Hausawa suna kiran wannan hali wabi: mace ta haihu, yaro ya yi kwanaki ko watanni, wani har ya fara tatata, sai ya koma. Ta sake haihuwa, ya sake komawa. A ce mata mai wabi, abin da ta haifa kuma ɗan wabi. Mutanen da sun ɗauka akwai abin da yake bibiyar 'ya'yan, ko iska, ko maye, ko bakin mutane, wasu kuma suka ce yaro ɗaya ne yake zuwa yana komawa don ya wahalar da uwarsa. Dabarar da suka ga za ta fisshe su ita ce a nuna ba a damu da jaririn ba. Abin da aka yasar, wa zai yi kwaɗayinsa? Sai a laƙaba masa suna na wulakanci, uwa ta kawar da kai a gaban mutane, alhali zuciyarta tana dukan uku-uku duk sanda ya yi tari.

Ina yaro a wani ƙauye na bakin kogin Bahrul Azraƙ a Sudan, kudu da Wad Madani, akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu mai wannan suna. Jikokinta habboba suke ce mata irin na Larabawan Sudan, mu kuma Inna, sa'o'inta ne kaɗai suke kama sunan. Tana soya gyaɗa a cikin yashi a ƙofar gida, mu kewaye ta muna jiran wadda ta ƙone. Wata rana ƙanwata ta tambaye ta me ya sa kunnenta na hagu yake da 'yar tsaga a sama. Ta ajiye mara, ta ce ita ce ta shida a ɗakinsu, biyar ɗin farko babu wanda ya kai yaye. Da aka haife ta, kakarta ta naɗe ta a tsumma tun da asuba, ta sa ta a sakaina, ta kai ta juji bayan gida ta ajiye, ta juya ba ta waiwaya ba. An riga an shirya da wata maƙwabciya, ita ta fito ta ɗauka tana cewa, "Na yi tsintuwa, wa ya yar?" Daga cikin gida aka amsa mata, "Mu ba mu so." Sai da rana ta ɗaga aka maido ta a matsayin 'yar riƙo, aka yi mata tsagar nan don ko ta koma ta dawo a gane ta. Ta ce uwarta ba ta taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba, ba ta taɓa sa mata sabon zane ba sai an fara sa wa wata. Amma in dare ya yi, takan farka ta ji yatsan uwar a ƙarƙashin hancinta, tana duba ko tana numfashi. Ta ce har ta yi wayo ana yi mata haka. Da ta kai nan sai ta ɗauki mararta ta ci gaba da juya gyaɗa, mu kuma babu wanda ya sake magana.

Tun daga ranar ban ƙara jin sunan nan a matsayin zagi ba.

Sunayen wabi hanya biyu suke bi. Wasu na yasarwa ne, kamar waɗanda na ambata, da Bawa, wanda ake nuna kamar ba ɗan gida ba ne. Wasu kuma roƙo ne a fili: Barmani, wato bar mini; Abarshi da Abarta; Barau; Dogara. Kuma ba su hana kowa zama wani abu ba. Gobir ta yi sarki Bawa Jan Gwarzo, Abuja ta da, wadda ta koma Suleja, ta yi sarki Sulaimanu Barau. Mawaƙiyar nan ta Funtuwa da ta rasu a 2013, duniya Barmani ta sani, alhali sunanta na yanka Sa'adatu. Ba mu kaɗai muke da wannan ba. Yarbawa suna da abiku, suna sa Malomo, kar ka sake tafiya, da Kokumo, wannan ba zai mutu ba. Inyamurai suna da Onwubiko, suna roƙon mutuwa ta yi haƙuri. A ƙauyukan Masar an san masu sa wa ɗa Shahhat, wato almajiri mai bara, don tsoron kambun baka. Duk inda ƙananan kaburbura suka yi yawa, za ka tarar iyaye sun nemi mafaka a suna.

Ka lura da misalin Barmani, domin a nan amsar tambayarka take. Ayashe laƙabi ne. Babu limamin da zai tsaya ranar suna, an yanka rago, ya ce an sami Ayashe. Jaririya tana da sunan da aka yi mata huɗuba da shi a kunne, aka raɗa a bainar jama'a, Hauwa ko Amina ko Hadiza. Laƙabin kuma mata ne suke sa shi a cikin gida, kakanni da gwaggwanni da ungozoma. Sai ya bi bakin mutane ya danne na yankan, har mai shi ta tsufa jikokinta ba su san tana da wani ba. Saboda haka kakarka tana da sunan yanka. Yana iya zama A'ishar ce da gaske, an dace, yana iya zama wani daban.

Yadda Ayashe take rikiɗewa ta zama A'isha a takarda kuwa, abu ne mai sauƙin ganewa ga wanda ya san hanyar da kakanninmu suka biyo. Tun kafin Turawa mutanenmu suke ratsa Barno da Wadai da Darfur da ƙafa, suna neman Makka. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a suka yi gabas, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, gonakin auduga na Jazira suka buɗe, sai mahajjata suka riƙa yada zango suna tsintar auduga shekara da shekaru don tara guzuri. Wasu sun zauna ke nan a Gadarif da Kasala, wasu suka gangara Sawakin suka tsallaka Jidda. A kowane zango akwai magatakarda da alƙalami, Balarabe, yana tambayar tsohuwa sunanta. Ta ce Ayashe. Kunnensa bai san wannan ba, amma ya san A'isha, ya san Ayyasha. Sai ya ɗora ainun a farkon sunan inda Hausa ba ta da ita, ya rubuta abin da ya saba. Ita ba ta karatun takardar, ɗanta kuma yana sauri a buga hatimi. Haka sunaye da yawa suka sauya riga a hanya, kamar yadda mu kanmu muka zama Fallata a Sudan, Takari ko Hausawi a Hijaz, tsirenmu ya zama siriya.

Abin da yake taɓa ni a wannan kuskure shi ne A'isha daga kalmar rayuwa ta fito, ma'anarta rayayya, mai rai. Magatakardan bai sani ba, amma abin da uwar take ɓoyewa a ranta tun ranar juji, shi ya rubuta.

Ka ce ka duba unguwa ba ka sami mai sunan ba. Ba za ka samu ba sai a cikin tsofaffi, su ma sai ka tambayi sa'o'insu. Babban dalili abin godiya ne: wabin kansa ya ragu. Abin da yake kwashe yaran nan cututtuka ne masu suna. Agana, wadda aka shelanta kawar da ita daga duniya a 1980. Ƙyanda, tarin shiƙa, zazzaɓin cizon sauro, gudawa, sanƙarau, da ciwon da yake shiga ta cibiya idan an yanke ta da aska marar tsabta. Sai kuma sikila, wadda ita ce ta fi kama da labarin yaro mai zuwa yana komawa. Idan miji da mata duka suna ɗauke da ita a jininsu, su lafiyarsu ƙalau, amma kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na fitowa da ciwon, kuma kowane ciki lissafinsa daban, shi ya sa gida ɗaya zai iya jera uku ko huɗu. Mu kuma mutane ne masu auren zumunci, balle a baƙunta inda ɗan'uwa yake neman 'yar'uwa. A nan Saudiyya tun 2004 aka wajabta gwajin jini kafin aure saboda wannan ciwo da ɗan'uwansa talasimiya. Kai kanka ka yi shi kafin a ɗaura maka. Kakar kakarka ba ta da wannan, ba ta da rigakafi, abin da take da shi sakaina ce da suna.

Sauran dalilan suna biye. Karatu ya yawaita, mutane sun bar kai jarirai juji. Takarda ta zama ita ce mutum: makaranta da asibiti da iƙama, wato takardar izinin zama, sunan yanka suke nema, laƙabi ba shi da gurbi, yaro ya tashi da sunan da malamin aji yake kira. Ga kunya irin tamu, wadda take cinye sunan tsofaffi tun suna raye: suruka ba ta faɗa, ɗa ba ya faɗa, jikar da aka yi wa takwara ma Ummi ko Mama ko Hajiya za a kira ta. Akwai kuma wanda ba na jin daɗinsa. Wasu 'ya'yanmu a nan suna jin nauyin duk abin da zai nuna su Hausawa ne a gaban abokansu, sai su yi maraba da kowace fassara da za ta mayar da sunan kaka Larabci. Wannan yana ba ni takaici ƙwarai. Matan nan sun taka daga Katsina da Haɗeja har bakin Bahar Maliya, wasu da goyo, wasu sun binne 'ya'ya a hanya. Ba su cancanci jikokinsu su goge musu suna don kunya ba.

To, ka sa wa 'yarka?

A matsayin sunan yanka, a'a, ban ba ka shawara ba. Kuma ba don sunan ba Larabci ba ne. Ibrahim da Isma'il da Ishaƙ da Yusuf asalinsu ba Larabci ba ne, kuma babu wanda ya ce a canza su. Da Allah ya sa laƙabin kakarka Kyauta ne, ko Tuni, da ban ce komai ba. Matsalar ma'ana ce. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana canza suna mai mummunar ma'ana. 'Yar Sayyidina Umar ana ce mata Asiya da sadi, wato mai saɓo, ya mayar da ita Jamila. Kakan Sa'idu ɗan Musayyib sunansa Haznu, wato tsauri, ya ce masa kai Sahlu ne, shi kuma ya ce ba zai canza sunan da ubansa ya sa masa ba. Sa'idu ya ce tsaurin nan bai bar gidansu ba. Yarinyar da za ta tashi a Makka, wata rana za ta tambayi ma'anar sunanta, kuma ba ka so amsar farko da za ta ji ta zama a jefar da ita. Sannan aƙidar da ta haifi sunan, cewa ana iya yi wa mutuwa wayo, ba ta da wurin zama a addini. Alƙur'ani ya ce idan ajali ya zo ba a jinkirta shi ko da sa'a guda, ba a kuma gaggauta shi. Bayan haka, 'yarka ba 'yar wabi ba ce, Allah ya tsare. Ko a al'adar ma ba a sa wa yaro sunan yanayin da ba a haife shi a ciki ba, kamar ka kira wanda bai bi tagwaye ba Gambo.

Amma kada wannan ya sa ka ga baƙin waɗanda suka sa shi. Na ji masu wa'azi suna ambaton irin waɗannan sunaye da dariya, suna cewa jahilcin tsofaffi. Ni ba na iya dariyar. Kuskure ne, na yarda, kuma in na ga mai shirin yi yau zan hana ta. Sai dai Annabi da kansa ya rasa 'ya'ya shida cikin bakwai, Nana Faɗima kaɗai ta rage bayansa, kuma ya zubar da hawaye a kan Ibrahim. Ya yi wa matar da ta rasa 'ya'ya uku albishir cewa za su zame mata kariya daga wuta, wata ta ce biyu fa, ya ce har biyu. Uwar kakarka tana cikin matan da ake wa wannan albishir. Addu'a ta dace da ita.

Abin da za ka yi kafin ranar suna shi ne ka nemo sunan yankan. Kada ka tsaya a kan maza, su takarda suka sani. Nemi mace mafi tsufa a danginku, ko tana unguwar Misfala, ko Hindawiyya a nan Makka, ko tana Sudan sai an kira ta a waya. Kada ka ce mata mene ne sunan kaka, za ta ce maka Ayashe, ko ta ji nauyi ta yi shiru. Ce mata da wane suna aka yi mata huɗuba, ko da wane suna aka ɗaura mata aure, domin a wurin ɗaurin aure na yanka ake ambata. Duba kuma cikin 'yan'uwanka mata: duk wadda ake kira Ummi ko Inna ko Mama tun tana jaririya, akwai yiwuwar sunan tsohuwar ne aka ɓoye a jikinta, sai ka tambayi abin da yake rubuce a takardarta. In akwai tsohon Alƙur'ani na gida mai gafaka, buɗe bangon, malamai sukan rubuta haihuwa a nan.

In ka same shi, shi za ka sa, ka yi wa kakarka takwara ta gaskiya. In ya ɓace, sa A'isha da zuciya ɗaya. Sunan Uwar Muminai ne, shi ne a takardun kakarka, kuma shi ne fatan da aka yi mata. Abin da kawai nake roƙonka, kada ka gaya wa yarinyar cewa sunayen biyu ɗaya ne. In ta yi wayo ka zaunar da ita ka ce mata kakar babanta Ayashe ake ce mata, ka raba mata sunan biyu kamar yadda na raba maka, ka gaya mata dalili.

Kuma in ka sami tsohuwar a waya, kafin ku yi sallama ka tambaye ta 'ya'ya nawa aka rasa kafin kakarka, da ko ta tuna sunayensu. Ka rubuta su. Ka gaishe mini da kawunka, ka karanta masa wannan a hankali, ba a gaban yara ba.